Buhunan Ajiya a Siton Bungudu

Zango na farko: Gusau

Na sauka tashar Gusau da jaka ɗaya da takardar shaidar aikin shekara goma sha huɗu da na yi ina rubuta shiga da fitar wake a wani shago a Damagaram. Shekaruna arba'in da uku a lokacin. Karatuna bai yi zurfi ba, amma rubutuna yana da tsabta, kuma ban taɓa tashi daga aiki ban rufe lissafin ranar ba. Jarin da na zo da shi ke nan.

An cuce ni kafin in sha ruwan garin. Wani dillali a bakin tasha ya ji harshena, ya ce shi ma kakarsa 'yar Nijar ce, ya kai ni wani ɗaki a bayan kasuwa, ya buɗe da mabuɗi, ya karɓi kuɗin wata shida. Washegari mai gidan ya dawo daga ƙauye, ya ce bai san wani dillali ba, ɗakin na ƙanensa ne. Bai zage ni ba. Ya tsaya dai har na kwashe kayana. Wani tsohon tela mai suna Baba Mani, da ke kallonmu daga shagonsa, ya kira ni ya nuna mini bayan kekensa, ya ce in shimfiɗa tabarma har Allah ya kawo mafita. Wata biyu na yi a wurinsa. Bai karɓi komai ba, sai dai ya sa na sake rubuta masa awon mutanensa a sabon littafi, domin ya ce nasa rubutun shi kansa ba ya gane shi.

Na samu aiki a kamfanin hatsi na Alhaji Bawa. Yana sayen dawa da gero da masara da waken suya da kaka, ya ajiye, ya sayar da bazara. Sito uku gare shi: Gusau, Tsafe, Bungudu. Alhaji dattijo ne da ya gaji sana'ar, lissafinsa a kai yake, takarda kuwa ya bar wa ɗan ƙanwarsa Kabiru, wanda ake kira Manaja. Ni aka ba ni tebur a bayan ofis, ina shigar da rasit. Sunana Isufu, amma a ofishin nan babu mai kira na da shi. Ɗan Nijar ake ce mini. A wannan zamani na tsoro a Zamfara, baƙon da harshensa ya bambanta ana yi masa kallo biyu, ɗaya a fuska, ɗaya bayan ya wuce.

Zango na biyu: ajin Asabar

A wata na biyar na ji ana maganar rance. Alhaji yana son banki ya ba shi kuɗi masu yawa ya yi sayayyar kaka, bankin kuma ya ce a kawo bayanan kuɗin kamfani na shekara uku. Kabiru ya kai takardunmu wurin wani akanta a gari, aka dawo da su an ɗaure da bango mai kyau. Na buɗe na duba. Lambobin da ke ciki da hannuna na shigar da wasunsu, amma ban fahimci abin da suke faɗa ba. Na ji kunya. Shekara goma sha huɗu ina rubutu, ashe ban iya karatu ba.

Na yi tambaya har aka nuna mini wani aji da ake yi ranar Asabar domin ma'aikata, a wani ɗaki bisa shagunan magani. Kuɗin ajin ya ci kashi ɗaya cikin uku na albashina. Na rage abin da nake aika wa gida. Matata Hadiza ba ta yi mini faɗa a waya ba, ta ce dai ƙaramar 'yarmu ta daina tambayar yaushe zan dawo. Wannan ya fi faɗa ciwo. Na kan tsaya a kasuwa wurin masu sayar da wake in saurara ko zan ji harshen garinmu.

Malamarmu Hajiya Rabi ce, ta yi shekaru tana aikin banki kafin ta aje. Ba ta da wasa, ni ma ba ni da shi, don haka muka daidaita. Turancina na kasuwa ne, littattafan kuma duk da Turanci suke. Bayan an tashi takan tsaya minti goma ta maimaita mini da Hausa. Ta koya mana takardu uku a jere. Ta ɗaya, takardar riba da asara. Ta biyu, takardar da ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa. Ta uku, takardar shiga da fitar tsabar kuɗi. Ta ce wanda ya karanta ɗaya ya bar biyu bai karanta komai ba, domin duk abin da ya motsa a takarda ɗaya dole ya bar sawu a wata.

Wata Asabar ta ce kowa ya kawo bayanan wurin aikinsa, a rufe sunan kamfani, mu gwada a kansu. Na kawo namu. Na jera shekaru ukun gefe da gefe kamar yadda ta koyar. Ciniki bai canja sosai ba. Sayayya ba ta ƙaru ba. Tsabar kuɗi ba ta ragu ba. Waɗanda ke bin mu kuɗin kaya ba su ƙaru ba, Alhaji kuma bai zuba sabon jari ba. Amma hajar da ke cikin sito a ƙarshen shekara ta uku ta kusa ninka ta bara, riba kuma ta yi tsalle.

Na nuna mata. Ta bi da yatsa sau biyu, ta ce: "Malam Isufu, haja ba ta haihuwa a sito. Ko an biya ta, ko an ci bashinta, ko mai kamfani ya kawo ta. Wanne ka gani a nan?"

Na ce babu ko ɗaya.

Ta bayyana mini cewa hajar da ta rage a ƙarshen shekara ana cire ta daga kuɗin kayan da aka sayar, saboda haka idan haja ta kumbura, riba ma sai ta kumbura ba tare da an sayar da ƙarin tiya ɗaya ba. Sannan ta tambaye ni wa zai sa hannu a takardar ƙidayar buhuna. Na ce ni ne, Manaja ya riga ya faɗa mini. Ta tambayi me aka jinginar wa banki. Na ce hatsin da ke cikin sito. Ta rufe takardun ta miƙo mini.

"Kai baƙo ne a ƙasar nan. Idan abu ya ɓaci, sunanka ne a ƙasan takarda. Kada ka sa hannu a kan buhun da idonka bai gani ba."

Saura kwana tara ma'aikacin banki ya zo ƙidaya.

Ranar Litinin na gaya wa Kabiru ina so in ga sitocin da kaina. Ya yi dariya, ya kira mutanen ofis su ji, ya ce Ɗan Nijar ya yi aji na wata huɗu ya zama odita mai binciken lissafi. Ya ce in tafi, amma kuɗin mota daga aljihuna, kuma in tuna hanyar Tsafe ba ta san mai takarda ba. A raina na riga na yanke cewa buhunan babu su, ƙarya aka rubuta. Siton Gusau na ƙirga shi a ranar, ya yi daidai.

Zango na uku: Tsafe

Na shiga mota ranar Talata da hantsi, domin direbobi ba sa son tashi sai rana ta ɗaga an ji labarin hanya. Mu goma ne a ciki. Kowa idonsa na kan daji. Duk babur ɗin da ya fito daga wata 'yar hanya sai ka ji numfashin mutanen mota ya tsaya har ya wuce. A wani wuri muka tarar da motoci sun yi layi a gefen titi, aka ce a dakata, an ga motsi a gaba. Minti arba'in muka yi. Wata mata a bayana tana ta karanta addu'a a hankali, ɗanta a cinya. Da motoci suka fara fitowa daga can, direbanmu ya tambayi direba na farko, shi kuma ya ɗaga masa hannu, muka bi.

A shingen jami'an tsaro aka ce kowa ya sauko. Da na buɗe baki, jami'in ya ware ni gefe. Ya karɓi takarduna, ya buɗe jakata, ya ga littafi cike da lambobi da sunayen garuruwa. Ya tambaye ni me ɗan Nijar yake ƙirgawa a Tsafe. Na ce buhuna. Ya ce buhunan wa, na mene ne, wa ya aiko ni. Wani fasinja mai sayar da goro, wanda ban taɓa gani ba sai ranar, ya matso ya ce ya san siton Alhaji Bawa, yana kusa da rumfarsa, shi zai raka ni har ƙofa, in ƙarya nake yi a kama shi tare da ni. Jami'in ya duba mu duka biyu, ya mayar mini da littafin. Mutumin ya raka ni kamar yadda ya ce. Ban ma tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yau.

Siton Tsafe ƙarami ne. Na ƙirga layi layi, na sake ƙirgawa. Buhu huɗu ne kawai bambanci, su ma mai sito ya nuna mini rasit ɗinsu. Na koma Gusau kafin la'asar. Saura Bungudu, kuma a can ne yawancin ƙarin yake. Takarda ta ce buhu dubu ɗaya da ɗari takwas.

Zango na huɗu: Bungudu

Mai siton Bungudu, Malam Dano, dogon mutum ne mai furfura, ya yi wa mahaifin Alhaji aiki tun yana saurayi. Ya buɗe mini ƙofa, na tsaya. Sito cike yake har kusa da kwano. Na ɗauki alli na fara. Kafin azahar na gama: dubu ɗaya da ɗari takwas, babu ragi. Na zauna a kan wani buhu. Na saka raina cikin haɗari a hanyar Tsafe, na rage abincin 'ya'yana, na zargi mutane a zuciyata, ga kaya kuma a gabana. Na fara tunanin yadda zan shiga ofis Kabiru yana kallona.

Ina zaune sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, da kwarya a kai. Malam Dano ya gaishe ta da Inna Hure, ya tambayi mutanen gida. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta wuce layi na uku, ta tsaya gaban wani buhun gero da aka ɗaura wa tsumma shuɗi a kunne. Malam Dano ya kwance bakinsa, ta auni tiya huɗu, ya ɗinke, ta ɗora kwaryarta. Ba ta biya ba, shi kuma bai rubuta komai ba.

Na miƙe na ce, Inna, wannan geron na kamfani ne.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wane kamfani? Wanga gero nawa na. Ni da jikokina munka nome shi."

Sai a lokacin na lura da kunnuwan buhunan. Wani da jan zare, wani da ƙullin kaba, wani an zana masa ƙafar kaza da gawayi, wani an soka masa guntun fata. Na wuce su duka da allina ban gan su ba, domin lamba nake nema.

Malam Dano ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Tun zamanin mahaifin Alhaji, manomin da ba shi da wurin ajiya yakan kawo buhu biyu ko uku a ajiye masa, ba takarda, ba lada, kowa ya san alamarsa. Da can abin kaɗan ne. Amma tun da aka fara ƙone rumbuna da kwashe su a ƙauyukan da ke bayan Rawayya, mutane suka daina barin hatsi a gida. Wasu ma sun baro ƙauyukan, suna zaune a gidajen dangi a Bungudu. Abin da suka tsira da shi yana nan cikin siton, suna zuwa suna ɗiba tiya tiya. A ƙarshen shekara Manaja ya bugo waya ya ce a ƙirga duk abin da ke cikin sito. Malam Dano ya ƙirga duk abin da ke cikin sito. Ba wanda ya tambaye shi na wa ne.

Na tambaye shi ko ya san abin da banki zai yi ranar Litinin. Ya ce an ce masa za su zo su gani. Na gaya masa abin da na karanta a takardar rancen: bayan ƙidaya banki zai sa nasa kwaɗon a ƙofa, ba a fitar da buhu sai da izininsa, in kuma rancen ya gagara biya, ya sayar da abin da ke ciki. Malam Dano ya ce damina saura wata biyu, kuma irin shukar mutane ma a nan yake.

Kwana biyu muka yi muna warewa. Shi yana kiran sunan mai alama, ni ina rubutawa ina zana alamar a gefe. Ya san su duka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na Alhaji ya tashi ɗari bakwai. Dubu ɗaya da ɗari ɗaya na mutane ne, gida ɗari biyu da 'yan kai.

Zango na biyar: zauren Alhaji

Ranar Asabar ban je aji ba, na kai wa Kabiru littafin. Ya karanta, fuskarsa ta canja. Na yi imani bai sani ba sai a lokacin. Amma da ya sani, ya rufe ƙofar ofis, ya ce mini ba sata za a yi ba, za a biya rancen kafin kowa ya ji, a kuma roƙi banki ya riƙa buɗewa lokaci lokaci. Ya ce in aka gyara takarda yanzu, riba za ta faɗi, rance zai ragu, banki zai ce mu maƙaryata ne. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce in tuna takardar zamana a ƙasar nan ta kusa ƙarewa, kuma shi ne mai rubuta wasiƙar da za a sabunta ta. Ya ce a garin nan kalma ɗaya a kan baƙo ta isa.

Na fita. Na je shagon Baba Mani na zauna, ban gaya masa komai ba. Ya ba ni ruwa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar Lahadi bayan azahar na tafi gidan Alhaji, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da shi a zaure da baƙi, Kabiru yana gefensa. Na jira har baƙin suka tashi. Na durƙusa na ce ina da magana a kan rance. Kabiru ya ce maganar ofis a ofis ake yin ta. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Na shimfiɗa takardun uku a kan tabarma, na bi su a jere yadda aka koya mini. Na ce, ranka ya daɗe, bana ka sayi hatsi fiye da bara? Ya ce a'a, hanya ta hana. Na ce ka ci bashin hatsi a wurin wani? Ya ce bai taɓa ba. Na ce to takarda ta ce hatsinka ya kusa ninkawa. Ya ce takarda ta yi ƙarya. Na ce ba ta yi ba, buhunan suna nan, na ƙirga su. Sannan na buɗe masa littafin alamomi.

Alhaji ba ya karanta boko, amma ya karanta wannan. Ya sa yatsa a kan ƙafar kaza ya faɗi sunan mai ita, ya ce mahaifin mutumin abokin mahaifinsa ne. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya tambayi Kabiru ko gaskiya ne banki zai sa kwaɗonsa. Kabiru ya fara bayanin cewa za a iya roƙonsu. Alhaji ya ce ba wannan ya tambaya ba. Kabiru ya ce gaskiya ne.

"Wato Hure ta zo da kwaryarta ta tarar da kwaɗon wani a ƙofar ubana."

Alhaji ya faɗi haka, ya juyo gare ni. Ya tambaye ni in aka cire na mutane, nawa banki zai bayar. Na ce ban sani ba tabbas, amma ba zai kai rabi ba, kuma ribar da aka rubuta za ta koma kamar ta bara ko ƙasa. Ya rufe littafin ya riƙe shi a hannunsa, ya ce in tashi in tafi. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba.

Ranar Litinin da safe na je ofis da jakata a ɗaure, domin ban san ko ina da aiki ba. Alhaji da kansa ya zo, ya karɓi ma'aikacin banki, ya ce masa an yi kuskure a ƙidayar Bungudu, a ba shi mako biyu a gyara takardu, siton Bungudu kuma a cire shi daga jingina gaba ɗaya. An gyara. Na sa hannu a kan sabuwar takardar. Rancen da ya fito bai kai rabi ba, sayayyar kaka mai zuwa za ta yi ƙaranci, an sallami leburori shida a Gusau. Sun san dalili, kuma biyu daga cikinsu ba sa amsa gaisuwata. Kabiru bai sake yi mini magana ba. Wasiƙar takardar zamana Alhaji ne ya sa aka rubuta, a makon da ya ce in tattara in koma Bungudu in zauna tare da Malam Dano. Har yau ban san ko hukunci ne ko yarda ba.

A nan nake yanzu. Ranar Asabar ina shiga mota in je aji in dawo. Hajiya Rabi ta sa na yi wa 'yan ajin bayanin abin da ya faru, ba tare da suna ba, ta kuma gyara mini kuskure biyu a lissafina a gabansu. Gida ban je ba tukuna, Hadiza ta ce in bari sai bayan girbi.

Littafi biyu nake riƙewa a siton, ɗaya na kamfani, ɗaya na ajiya. Ranar da Inna Hure ta zo ɗaukar irin shuka na nuna mata shafinta, na ce ga sunanta, ga buhunanta biyar, ga alamarta, tsumma shuɗi da ƙullinsa. Ta kawo littafin kusa da idonta ta daɗe tana dubawa.

"Ƙulli biyu na, ɗana. Kai ɗaya ka zana. Mai ƙulli ɗaya na kishiyar ɗiyata na."

Na je layi na uku na duba. Biyu ne. Na ɗauki alƙalami na ƙara ɗayan, tana tsaye a kaina har na gama.